Ka Sauka Inda Za a Same Ka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi, zuwa ga Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na kanti. Mu nan lafiya lau muke. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Jiya da ka zo sallama ka faɗa mini maigidanka, Kwaran nan mai kantin yadi, zai tura ka ƙasarsu tare da ɗansa, ku je Bairut ku dubo kaya ku dawo, tafiyar ba mai daɗewa ba ce. Ka ce shi ɗan zai riƙa kwana wurin danginsu can kan dutse, kai kuwa an ce ka zaɓi otal a cikin gari, kanti ne zai biya. Ka fito da hotuna daga aljihu ka shimfiɗa mini a kan tabarma. Ka daɗe a kan guda ɗaya, mai benaye a bakin teku, ka ce a ƙasansa akwai babban ɗakin caca inda Turawa da Larabawa masu kuɗi suke taruwa, kana dariya kana cewa kai kallo kawai za ka yi. Na duba, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba. Wataƙila ka tafi kana ganin ban damu ba.

Na damu. Bakina ne ya yi nauyi. Abin da nake son faɗa maka ba zan iya faɗarsa ina kallon idonka ba, ba kuma zan iya zama gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya in faɗa masa ba. Shi ya sa na rubuta da hannuna da ajami, Baffanka Isa zai kawo maka idan ya shigo birni. Ban taɓa zuwa Bairut ba, ban taɓa shiga jirgin sama ba, ban san komai game da otal-otal ɗinsu ba. Amma na taɓa zaɓen masauki sau ɗaya a garin da ake caca, kuma ina so ka ji yadda na yi.

Lokacin muna gidanmu na Tarauni, Innarka tana da cikinka. Kakanka, wanda ka ci sunansa, fataucin goro yake yi. Ƙafarsa ta fara ba shi wahala, sai ya ce wannan karon ni zan je Ikko in sayo. Ya ce in sauka Agege, gidan Alhaji Garba, mai masaukinsa tun suna samari. Ya ce, “Idan ka isa ka miƙa masa kanka da kuɗin, shi zai zaɓa maka goron, shi zai sa ka a jirgi. Ba ruwanka da cikin Ikko.” Na ce to.

A cikin jirgin ƙasa, bayan mun wuce Badun, wani mutum ya dawo kusa da ni ya zauna. Bahaushe ne, amma kwat ce a jikinsa da takalmi sau-ciki, ana ce masa Audu Mai Kwat. Ya ba ni lemo, ya tambaye ni ɗan wane ne, ya nuna ya san sunan kakanka, ko da yake yanzu na tabbata a bakina ya fara jin sa. Da na ce Agege zan sauka sai ya yi murmushi.

Ya ce, “Ka taho tun daga Kano don ka kwana a zaure da tsofaffi goma suna tari? Makon nan ake sukuwar dawaki a cikin Ikko. Akwai otal kusa da filin, ɗakinka kai kaɗai, ga wutar lantarki. Ka kwana ɗaya ka ga duniya, gobe ka dawo Agege. Goro ba gudu zai yi ba.”

Jirgi ya tsaya Agege. Na leƙa ta taga na ga huhunan goro a jibge, na ga mutanenmu da manyan riguna suna sauka, ana ta gaishe-gaishe. Na riƙe ƙullin kayana a cinya, na ƙi tashi. Har yau ina jin yadda jirgin ya motsa ina zaune.

Abba, kuskurena na farko ke nan. Na karɓi shawarar masauki daga bakin wanda yake da rabo a ciki. Daga baya na gane Audu ba shi da wata sana'a sai wannan, yana hawa jirgi ya tare baƙi irina ya kai su otal ɗin, mai otal ya sallame shi. Idan kun sauka filin jirgi za ka sami irinsa, ko direban mota ne, ko wani mai fara'a da zai ce ya taɓa zama Kano. Ka gaishe shi da mutunci, amma kada ya zaɓa maka wurin kwana. Ka tambayi wanda ba zai ci komai da zaɓinka ba. Akwai tsohon akawun nan na kantinku da ka ce ya je ƙasar sau biyu, ka zauna da shi kafin ka tashi, ka tambaye shi inda ya kwana da abin da ya gani.

Muka haye gada muka shiga cikin Ikko. Otal ɗin bene ne mai farin fenti. Ɗakin da aka ba ni yana da gadon ƙarfe da katifa, da madubi mai tsawona. Ban taɓa ganin kaina gaba ɗaya ba sai ran nan. Na tsaya na daɗe ina kallon rigata ta saƙi da hulata, sai na ji ina jin kunyarsu. Rigar kuwa kakarka ce ta kaɗa zarenta da hannunta. Na tuɓe ta na cusa ƙarƙashin katifa, na bi Audu kasuwa na sayi irin tasa.

Ban zaɓi wurin nan don ya fi tsabta ko ya fi kwanciyar hankali ba. Na zaɓe shi don in dawo Tarauni in ce na kwana a bene. Da kake nuna mini hoton jiya, irin wannan tunanin na gani a fuskarka, ba kuma laifinka ba ne, ƙuruciya ce. Amma ka tambayi kanka, don ka huta ka yi aikin da aka aike ka kake son wurin, ko don labarin da za ka ba abokanka a Fagge? Labarin rana ɗaya za ka ba da shi ya ƙare. Ka tafi da rigunanka na gida ka sa su. Masaukin da ya sa ka ji kunyar tufafinka ba naka ba ne.

Ga wani abu game da ginin, kuma wannan ina so ka duba shi da idonka kafin ka ajiye akwati. Matakalar da ake hawa zuwa ɗakuna tana can ƙarshen babban ɗakin ƙasa ne, inda ake karta ana shan giya. Ba yadda za ka fita ko ka shigo sai ka ratsa tsakanin teburan. Karon farko na wuce kaina a sunkuye ina neman tsari a zuci. Karo na biyu na ɗan waiga. Na uku na tsaya bayan kujerar Audu ina kallo, ni ma kallo kawai na ce zan yi. Ba wanda ya ja hannuna. Hanyar ɗakina ce ta bi ta wurin, ni kuma na bi ta har na saba. Na yi imani da gangan aka gina shi haka.

Don haka idan ka shiga otal, ka lura da inda ƙofa take da inda matakala take. Idan sai ka ratsa ɗakin caca kafin ka kai gadonka, ka ɗauki akwatinka ka nemi wani, ko da ya fi ƙanƙanta, ko da ba ya kallon teku. Kada ka yarda da ƙarfin zuciyarka. Ni ma na sauke Alƙur'ani kafin in yi wannan tafiyar.

Sai maganar salla. A otal ɗin ba buta, ba wurin alwala, ban kuma san ina ne gabas ba. Na ji kunyar in tambaya kada a ce ni baƙauye ne. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai share ɗakuna, Kirista ce, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta ga ina ta kai da kawo da kofi a hannu, sai ta fita ta dawo da gwangwani cike da ruwa, ta nuna mini kusurwar ɗakin da hannu, ta ce da 'yar Hausarta, “Can mutanenka suna yi.” Sannan ta dube ni ta ce, “Mutanenka ba ya kwana nan. Me kana nema?” Kullum da safe sai in tarar da gwangwanin a bakin ƙofata. Da farko ina amfani da shi. Daga baya sai ta riƙa zuwa ta same shi a cike yadda ta ajiye. Duk da haka ta ci gaba da kawowa. Har sallar Juma'a ta wuce ni ban sani ba, don ba a jin kiran salla daga wurin, ni kuma ban tambaya ba.

Na ji an ce Bairut akwai Musulmi da yawa da masallatai. Ka nemi masaukin da za ka iya takawa da ƙafa zuwa masallaci. Ka sa buta da buzu a kayanka, kada ka ji nauyin fito da su. Tun a wurin karɓar baƙi ka tambayi gabas da muryar da kowa zai ji. Wurin da suka amsa maka ba tare da dariya ba, za ka iya kwana a cikinsa.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini wuya. Za ka yi tsammanin zan ce na yi caca an cinye kuɗin goro. Da haka ta faru, da na ruga Agege washegari ina kuka, da komai ya zo da sauƙi. Ci na yi. Na bi Audu filin sukuwa, na sayi tikiti a kan wani jan doki don kawai ya yi kama da na mai unguwarmu, ya zo na ɗaya. Na dawo otal na zauna teburin karta, nan ma na ci. Mai otal ya fito da kansa ya ba ni hannu, ya ce kwanan yau kyauta ne, abinci ma kyauta. Mutanen da ban sani ba suna kirana Sarkin Kano. Na sayi agogon hannu. Kowace safiya sai in ce yau zan tafi Agege, sai in ce bari in ga sukuwar yau tukuna.

Ka riƙe wannan. A garin caca, duk abin da aka ba ka kyauta, ɗaki ko abinci ko abin sha, igiya ce. Ka biya abin da ka ci, ka karɓi rasit ka kai wa maigidanka. Kuma ka fi jin tsoron ranar da ka ci a kan ranar da aka cinye ka.

A duk kwanakin nan ba wanda ya san inda nake. Mutanen gida sun san ina Agege. Alhaji Garba ya san ina hanya. Ni kaɗai na san gaskiya, kuma a lokacin har daɗi nake ji, wai ba mai ganina.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a ɗakin ƙasa, karta a hannuna, ga kwalba a kan tebur, ba tawa ba ce amma a gabana take. Na ɗaga kai na ga dattijo da rawani da sanda a bakin ƙofa, yana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na san shi, don yakan zo Tarauni. Alhaji Garba ne. Mutumin da yake limanci a unguwarsu, ya tako cikin warin giya da hayaƙin taba, yana tattare bakin rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Ya wuce ni da farko saboda kwat ɗin. Sannan ya dawo ya tsaya.

Ya ce, “Sani, tashi ka ɗauko kayanka.”

Bai ɗaga murya ba. Na hau sama na zaro rigata daga ƙarƙashin katifa na sa, na sauko. Da muka fito titi sai ya ce, “An bugo mini waya daga Kano. Jikin Malam mahaifinka ya yi tsanani, yana nemanka.”

Na ce, “Yaushe, Baba?”

Ya ce, “Tun makon jiya.”

Ashe tun da wayar ta iso yake nemana. Ya je tasha ya tambayi 'yan dako, ya je asibiti, har ɗakin ajiye gawa ya leƙa, don ya ɗauka wani abu ya same ni a hanya. A ƙarshe wani mai yankan farce ne ya ce ya ga wani Bakano sabon zuwa yana bin Audu Mai Kwat.

A hanyar Agege bai yi mini faɗa ba. Na so ya yi. Na fito da kuɗin na ce ga na goro nan ba abin da ya taɓa su, har da ƙari. Ya ware na goron ya karɓa. Sauran ya ture da bakin sandarsa, ya ce, “Wannan ba na taɓawa.” Ya sa aka ɗaura goron, ya kai ni tasha da kansa, ya tsaya har jirgi ya tashi. Ƙarin kuɗin da agogon na bar wa wasu kutare a tasha, ban kuma ji wani sauƙi ba.

Daga tashar Kano na bar kayan wurin wani na kama hanya da ƙafa. Dawa ta yi tsawo a gonakin nan tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ban hango gidanmu ba sai da na zo daf da shi. Na ga tabarmi a ƙofar gida da maza zaune. An binne shi tun jiyan ranar.

Na shiga wurin kakarka. Ta riƙe hannuna, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce, “Kullum sai ya tambaya ko jirgi ya iso. Idan na ce shiru, sai ya ce, ‘Ai yana hannun Garba, ku kwantar da hankalinku.’” Ya yi kwanaki yana cikin hayyacinsa yana jira. Da Agege na sauka, da na same shi da ransa, har mu yi magana.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba ni na rage masa ba. Amma rashin ganinsa ni na jawo wa kaina, da zaɓen wurin kwana.

To ga abin da nake roƙonka, ya fi duk sauran. Ranar da ka sauka, kafin ka ci abinci, ka buga waya zuwa kantinku da sunan otal ɗin da unguwar da yake, ka ce a gaya wa Baffanka Isa. Idan ka canja wuri ka sake bugowa. Kuma ka zaɓi wurin da ba za ka ji nauyin faɗar sunansa ba, wurin da idan wani dattijo daga gida ya zo nemanka, zai iya shiga da rawaninsa ya zauna ya jira ka. Kada hankalinka ya tashi, ni lafiyata ƙalau, Innarka ma haka. Amma kakanka ma da ƙafarsa ya raka ni har bakin hanya ranar da na tafi.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma bayan na dawo na yi shi. Alhaji Garba ya zo ta'aziyya daga baya. Mutane suka tambaye shi yadda aka yi na makara, ya ce Allah bai nufa ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni kuwa maimakon in gode masa sai na riƙa gudunsa. Idan na ji ya shigo Kano sai in ƙirƙiri tafiya ƙauye. Na bar fataucin goro ɗungurungum don kada in sake taka Agege, na dawo nan na kama noman gyaɗa, ina gaya wa mutane wai tafiya ce ba ta karɓe ni ba. Sau biyu yana aiko mini da gaisuwa ban mayar ba. Ya rasu ban ce masa na gode ba. Kakarka ma ta rasu tana ganin jirgi ne ya yi latti. Innarka kaɗai na gaya wa, shi ma sai bayan an yaye ka.

Don haka ko da ka je ka yi wani abin da ba ka so a ji, kada ka ɓuya. Ka dawo wurin mutanenka da wuri, ka gode wa wanda ya rufa maka asiri tun yana da rai. Ƙofar gidan nan ba za a rufe maka ita ba, ni ba ni da bakin da zan rufe ta.

Ban hana ka ganin gari ba. Ka je bakin teku da rana ka gani, ka shiga kasuwarsu, ka ci abincinsu idan ka tabbata da yankan. Ka yi wa maigidanka aikinsa da amana. Innarka ta ba Baffanka yaji da ƙuli-ƙuli ya kawo maka, ta ce ka sa a ƙasan akwati kada su ɓata maka tufafi.

Idan ka dawo, kada ka yi mini maganar takardar nan. Ka shigo zaure ka gaishe ni yadda ka saba. Zan saurari muryarka, daga nan zan san matsayina a wurinka.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kau da idonka daga abin da zai cuce ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka same mu lafiya. Allah ya jiƙan kakanninka, ya jiƙan Alhaji Garba, ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sani